Wa ya shafa wa aikin kore?

A watan Mayun 2014 gwamnatin Birtaniya ta fitar da rahotonta na shekara kan manyan ayyukan da take gudanarwa, kusan guda 200, daga layukan dogo zuwa jiragen ruwa na yaƙi zuwa manhajojin biyan kuɗi. Tsarin rahoton irin na danjar kan titi ne, ana ba aiki launi. Kore na nufin ana kyautata zaton zai kammalu a kan lokaci, cikin kuɗin da aka ware masa. Ruwan ɗorawa na nufin akwai matsala, amma ba ta fi ƙarfin gyara ba. Ja kuwa na nufin a yadda ake tafiya aikin ba mai yiwuwa ba ne. A lokacin akwai wasu matakai biyu a tsakanin waɗannan ukun.

Da 'yan jarida suka kai kan layin Universal Credit, wato shirin haɗe tallafi iri shida da gwamnati ke bai wa marasa aikin yi da masu ƙaramin ƙarfi ya koma guda, sai suka tarar babu launi ko ɗaya. An ƙirƙiro masa matsayi na daban, wai an mayar da shi farko, an sake lale. A rahoton shekarar da ta gabata saura taki ɗaya ya zama ja. Watanni takwas kafin sabon rahoton kuma, ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya bayyana cewa an yi asarar aikin kwamfuta na fam miliyan 34, kuma masu tafiyar da shirin sun saba da al'adar kai wa na sama labari mai daɗi kaɗai. Da lokacin shafa ja ya yi, sai aka nemi fentin aka rasa.

Wannan labari ya shafi duk wanda ofishinsa ya sayi allon bayanai, ko yake shirin saye. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne launin da ke kan allon maganar wani mutum ce. Wani ne ya zauna ya zaɓe shi, yana sane da wanda zai gani da kuma abin da zai biyo baya. Saboda haka darajar allon ba ta wuce amsar tambayoyi biyu: me ke samun wanda ya sa ja, kuma me ke samun kuɗin aikin da aka sa wa ja.

Bari mu fara da abin da allon yake. Direbobi sun san dashbod: gaban mota, inda allurar mai da ta gudu da ta zafin inji suke, a kalle su da ƙiftawar ido ba tare da an buɗe bonet ba. Wannan sunan aka ara wa shafin kwamfuta da ke jawo alƙaluma daga wurare daban-daban, daga sashen kuɗi, da na ma'aikata, da na sayen kaya, da rahotannin manajojin ayyuka, ya zuba su wuri guda cikin zane da jadawali da launuka. Manhajojin da suka fi tashe su ne Power BI na Microsoft, wanda ya fito kasuwa sosai a 2015, da Tableau, wanda Salesforce ya saya a 2019 kan dala biliyan 15.7, da Looker na Google. A ofisoshi da yawa kuwa har yanzu Excel ne ke riƙe da gidan, an dai yi masa kwalliya.

Ba na cikin masu raina wannan kayan aiki, domin akwai abin da yake nunawa wanda babu manajan aiki ɗaya da zai iya gani daga kujerarsa. A ɗauka kamfanin gine-gine ne mai kwangila goma sha biyu a jihohi uku, da gireda biyu, da safiyo ɗaya ƙwararre, da jami'i ɗaya mai sa hannu kan sayen kaya. Kowane manaja ya tsara aikinsa tsakani da Allah, kuma kowa ya rubuta cewa zai gama cikon ƙasa kafin damina ta sauka. Idan aka ɗauki takardun ɗaya bayan ɗaya, babu ƙarya a cikin ko wacce. Sai an ɗora su a kan juna za a ga cewa manajoji biyar sun sa gireda ɗaya a mako ɗaya na watan Afrilu, kuma an raba wa safiyon aikin da ya kai na mutum uku. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Wannan cin karo a tsakanin ayyuka yake zaune, ba a cikin ɗayansu ba, kuma a nan ne allon da ya haɗa su duka yake biyan kuɗinsa.

Akwai ma wani darasi da allon kan koya wa shugaban da ya iya karanta shi. Shugabanni suna son ganin kowane ma'aikaci a cike da aiki ɗari bisa ɗari, suna ɗaukar haka a matsayin tattali. Duk wanda ya taɓa tsayawa layi a banki ya san akasin haka: idan mai karɓar kuɗi ba ya samun ko minti ɗaya na sarari, to da zarar mutum ɗaya ya zo da matsala layi ya kai bakin ƙofa. Haka ƙwararren da ayyuka shida ke jira. Idan ya yi zazzaɓin kwana uku, ayyuka shida ne suka kwanta tare da shi. Allon da ya nuna mutum a cike maƙil gargaɗi yake yi, ko da an shafa wa wurin kore.

To amma allurar man mota tana da igiya har cikin tanki. Ba ta tambayar direba ra'ayinsa, ba ta tsoron mai motar. Allon ofis ba haka yake ba. Wasu alƙalumansa, kamar kuɗin da ya fita daga asusu, na'ura ce ke kawo su. Amma waɗanda suka fi muhimmanci, wato kashi nawa aka kammala, yaushe za a gama, wane launi ya dace, mutum ne ke cike su a fom, galibi mutumin da ake auna ƙwazonsa da su. Masu wannan sana'a a ƙasashen Turai suna da suna ga irin rahoton da ke fitowa daga nan, suna ce masa kankana: kore a waje, ja a ciki.

Landan ta ga babbar kankana. Crossrail, sabon layin dogo da aka haƙa wa rami a ƙarƙashin birnin, an tsara buɗe tsakiyarsa a Disambar 2018 kan fam biliyan 14.8, kuma shekara da shekaru ana yi masa kirarin yana kan lokaci, yana cikin kasafi. A tsakiyar 2018 alƙaluman hukuma sun ce an kammala fiye da kashi 90 cikin 100. A ƙarshen watan Agusta, saura 'yan watanni a yanka kyalle, sai aka sanar cewa ba zai yiwu ba. Jirgi bai ɗauki fasinja a wannan sashe ba sai 24 ga Mayun 2022, da sunan layin Elizabeth, bayan kuɗin ya doshi fam biliyan 19. Binciken da kwamitin sufuri na majalisar birnin ya yi a 2019 ya nuna cewa kamfanin da aka ɗauka musamman don ya sa ido ya yi ta gargaɗi ba a ba maganarsa nauyi ba, kuma ana sassauta kalaman haɗari kafin su isa teburin magajin gari. Labarin yana nan a ƙasa. A kan matakala ya yi ta zubewa.

Wannan adadi na kashi 90 ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ƙaryar da ake yi ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. An haƙa ramukan, an shimfiɗa dogo, an zuba kankare, duk gaskiya ne. Abin da ya rage shi ne ƙarasa tashoshi da sa manhajar jiragen ta yi magana da tsarin sigina iri uku mabambanta, kuma wannan ragowar ita ce mafi wuya a aikin gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa gina gida ya san wannan lissafi. Gini ya kai linta, an yi rufi, masu wucewa suna cewa ai an gama. Mai gidan ne kaɗai ya san cewa filasta da wayarin da famfo da tayil da ƙofofi za su ci abin da ya kusa kai na baya, kuma ba a kwana a gidan da ba ƙofa. A Najeriya muna da namu adadin da ya fi na Landan daɗewa. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da ke jihar Kogi, wanda aka fara a ƙarshen shekarun 1970, an shafe shekaru kusan talatin ana maimaita cewa an kammala kashi 98 cikin 100 nasa, alhali babbar tukunyar narka tama ba a taɓa hura ta ba. A zuba wannan adadi a Power BI, zai zana sanda koriya shar wadda saura ƙiris ta taɓa bango.

Me ya sa mutane masu hankali, waɗanda ba ɓarayi ba, suke shafa kore a kan abin da suka san ja ne? Saboda sun ga abin da ya sami na gabansu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A ofishin da ja ke jawo takardar tuhuma, ko tsawa a gaban na ƙasa da kai, ko a ɗauke maka aikin a ba wani, manaja zai yi lissafin da kowa zai yi: in sa ruwan ɗorawa, in yi addu'a, wataƙila kafin wata mai zuwa ɗan kwangila ya dawo. Daraktansa kuma, da zai haɗa rahoton sashe, ba ya son shafinsa ya fi na takwarorinsa muni, sai ya ɗan rage wa launin kaifi. Kafin a kai ga babban allon ɗakin taro, kowa ya ɗan taɓa, kuma babu wanda za a kama da laifi.

Misalin da aka fi bayarwa na karya wannan al'ada daga kamfanin motoci na Ford yake. Alan Mulally ya baro Boeing ya karɓi shugabancin Ford a Satumbar 2006, shekarar da kamfanin ya yi asarar fiye da dala biliyan 12. Ya kafa taron kowace Alhamis, inda kowane babban jami'i zai nuna ayyukansa da launukan nan uku. Makonni suka shuɗe shafuka duk kore, a kamfanin da ke zubar da kuɗi kamar rariya. Mark Fields, mai kula da harkokin kamfanin a nahiyar Amurka, shi ya fara sa ja, a kan sabuwar mota ƙirar Edge da aka dakatar da fitar da ita saboda matsala a ƙofarta ta baya. Ɗaki ya yi tsit, ana jiran a ga korarsa. Mulally ya tafa masa, sannan ya tambayi sauran wa zai iya taimakawa. Ba a jima ba shafukan kowa suka cika da ja da ruwan ɗorawa. Labari ne da Mulally da kansa ya sha bayarwa, kuma labarin da mai shi ya maimaita sau ɗari yakan yi santsi fiye da yadda ya faru. Amma akwai abin da ba a gardama a kansa: ba a kori Fields ba, shi ne ma ya gaji Mulally a 2014. Kowane manaja a Ford ya ga haka da idonsa, kuma wannan ya fi kowace takardar umarni tasiri. A lura kuma da tambayar da ta biyo bayan tafin. Ja ya jawo injiniyoyi daga wasu sassa. Da tafi kaɗai ya jawo, da ba a sake sa shi ba.

Tafi hanya ɗaya ce. Ɗaya hanyar ita ce a sa wa allon igiya har cikin tanki, kuma mafi kyawun misalinta da na sani a Arewacin Najeriya ya faru. A 2012 an samu yara 122 da cutar shan inna ta kama a ƙasar, alhali rahotannin zagayen rigakafi kan nuna an kai ga kusan kowane gida. A ƙarshen shekarar aka kafa cibiyar ayyukan gaggawa ta yaƙi da cutar a Abuja, daga baya aka buɗe irinta a Kano da wasu jihohi, inda jami'an gwamnati da na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da sauran abokan aiki suke zama ɗaki ɗaya suna kallon allo ɗaya. Abin da ya bambanta wannan allo shi ne inda yake samun labari. An zana sababbin taswirori daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka gano ƙauyuka da rugage da ba sa cikin taswirar hannu da ake aiki da ita. An ba ayarin masu rigakafi wayoyi da ke rubuta sawunsu, da yamma a ɗora sawun a kan taswira a ga unguwar da aka shiga da wadda aka tsallake. Waya tana shaida an je, ba ta shaida an ɗiga wa yaro magani ba, don haka bayan kowane zagaye wasu mutane daban suke shiga gidajen da aka zaɓa su duba yatsun yara. Ƙaramar hukumar da ta faɗi wannan gwaji a sake mata zagaye, a tura mata ƙarin masu sa ido. Adadin ya sauko zuwa 53 a 2013, ya koma 6 a 2014.

A nan an hukunta mutane, har an sallami wasu, kuma wani zai ce wannan ya saɓa wa darasin Ford. Ban ga saɓani ba. Akwai bambanci tsakanin wanda ya ce unguwa kaza ta ƙi karɓarmu da wanda ya cike takarda a ƙarƙashin bishiya ya ce ya zagaya. Na farko taimako yake bukata, na biyu hukunci. Ofisoshinmu da yawa sun juya abin: mai faɗin matsala shi ke shan faɗa, mai cike takarda a inuwa shi ke samun ƙarin girma.

Shirin shan inna ya kuma koyar da darasi mai ɗaci game da gurbin da babu komai. Bayan yaron da cutar ta kama a Sumaila ta jihar Kano a Yulin 2014, an yi shekara biyu ba a ga wani ba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire Najeriya daga jerin ƙasashen da cutar ta yi kaka-gida a Satumbar 2015. A Agustan 2016 sai ga ta a Gwoza da Jere a jihar Borno, kuma binciken ƙwayar cutar ya nuna ta shafe kusan shekara biyar tana yawo ba a sani ba, a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikatan lafiya shiga. Wuraren ba su aiko da rahoton cuta ba domin babu mai aikowa. A kan allo, sifiri na wanda ya duba bai ga komai ba da sifiri na wanda bai je ba kamarsu ɗaya. Sai a 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Duk mai tsara allon ayyuka ya kamata ya ware launi na huɗu, toka-toka, ga aikin da ba a ji ɗuriyarsa ba, kuma ya sa kowane launi ya koɗe da kansa idan ya yi wata guda ba wanda ya je ya gani. Kusa da kowane kore a rubuta ranar da aka tabbatar da shi da matsayin wanda ya tabbatar. Wannan aikin awa ɗaya ne ga mai haɗa allon, amma da wuya ka ga an nema, domin yana rage wa shafin kyau.

Gwamnatocinmu sun shiga wannan harka. A Disambar 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da manhajar Eyemark don jama'a su bibiyi ayyukan raya ƙasa, a Afrilun 2024 kuma ofishin Hadiza Bala Usman, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsare-tsare, ya fito da shafin bibiyar alƙawuran ma'aikatu. Jihar Kaduna ta riga su da shirinta na sa ido kan ayyuka ta wayar hannu, ƙungiyar BudgIT kuma tana tura mutane su duba ayyukan mazaɓu ta shirinta na Tracka tun 2014. Abin a yaba ne, musamman inda aka buɗe wa mutumin gari ƙofa ya ɗauki hoton ramin da aka ce asibiti ne. Sai dai ma'aunin da zan auna su da shi ba yawan ayyukan da aka loda ba ne. A harkar kasafinmu kalmomi uku ne ake cakuɗawa da gangan: an ware, an saki, an yi. Allon da bai raba su gida uku ba, ya nuna tazarar da ke tsakaninsu a kan kowane aiki, bai faɗi komai ba tukuna.

Saura magana mafi nauyi, wadda ita ce dalilin haɗa ayyuka a allo ɗaya tun farko. Idan hukuma tana da ayyuka arba'in da kuɗin goma sha biyar, allon kirki zai nuna haka a mako na farko. Abin da hankali ke cewa shi ne a tsayar da ashirin da biyar, a tattara kuɗi da ƙwararru a gama sha biyar, sannan a dawo. Abin da aka saba yi shi ne a yayyafa wa kowanne ɗan abin da zai hana a ce an yi watsi da shi, domin kowane aiki yana da ubangida, kuma tsayar da aiki yana da fuska da suna, jinkirta arba'in kuwa ba shi da mai shi. Birtaniya, da duk kwan-gaba-kwan-bayanta, ta taɓa kai wa wannan gaɓa a bainar jama'a: a Yulin 2023 hukumar da ke tantance manyan ayyukanta ta sa wa matakan farko na layin dogo mai sauri na HS2 ja, a Oktoba kuma firaminista Rishi Sunak ya soke sashen Birmingham zuwa Manchester. Har yau ana gardama ko ya yi daidai, kuma ba launin kaɗai ya kai shi ga haka ba. Amma an buga jan kowa ya gani, kuma wani ya ɗauki nauyin hukuncin da sunansa.

Shi ya sa idan aka gayyace ka ganin sabon allon ofishinku, bayan an gama nuna zobba da sanduna da taswirar da ke motsi, ka nemi a buɗe maka shafi ɗaya: jerin ayyukan da aka dakatar ko aka soke a wata ukun da suka wuce, da inda kuɗinsu da mutanensu suka koma. Yaron da ya haɗa allon zai iya ƙera wannan shafi kafin la'asar. Layukan da za su cika shi kuwa sai babban sakatare ko manajan darakta ya sa hannu, ya kuma ɗaga waya ya shaida wa ubangidan aikin da bakinsa.